ƘADDARA CE, AMMA WA YA ƘI GYARA BIRKIN?

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah (SAW) da alayensa da sahabbansa.

Wasu za su yi mamakin ganin liman yana rubutu a kan baƙin mai da sarƙar babur. Ku yi haƙuri ku karanta har ƙarshe. Na fi shekara ina ɗauke da wannan magana a raina, kuma sai da na nemi izinin wanda abin ya faɗa wa kafin na rubuta.

Ina da wani tsohon Boxer. Da shi na yi zirga-zirgar karatun Larabci daga nan Lakwaya zuwa Jami'ar Bayero, na san ramukan titin Gwarzo kamar gidanmu. A daminar bara birkinsa na baya ya yi zurfi, sai ka danna shi har ƙasa kafin ya ɗan kama. Wayar birkin gaba kuwa ta daɗe da tsinkewa. Wani dattijon bakanike da nake kai wa juye ya ce min: "Allah gafarta Malam, wannan fa ba abin hawa ba ne yanzu, ka bar shi in gyara." Na ce ina sauri, sai wani satin. Ni na san halin abina, da giya nake rage gudu, in sa ƙafa a ƙasa. Haka sati ya zama wata.

Wani dare bayan isha'i wani maƙwabcina ya yi min sallama a gigice. Mahaifiyarsa tana kwance a asibiti a Gwarzo, an kira shi ya kai kuɗin magani. Na miƙa masa makulli, na yi masa addu'a. Wallahi birkin nan ya faɗo min a rai yana buga kik, amma na ce a zuciyata ai kusa ne, Allah zai kiyaye. Ban ce masa komai ba.

Bai kai Gwarzo ba. Amalanken shanu ya tarar a gabansa cikin duhu, ya taka birki, babu. Ƙashin cinyarsa ya karye, sai Asibitin Ƙashi na Dala aka wuce da shi. Manomi ne mai 'ya'ya huɗu, ga masararsa tana jiran noma na biyu.

Washegari mutane suka yi ta zuwa, har da ni ake yi wa jaje saboda babur. Kowa sai ya ce: "Liman, ƙaddara ce, sai haƙuri." Ina amsawa, amma kalmar tana suka ta. Kwana uku ban yi barcin kirki ba. A na huɗu na je wajen mahaifinsa na durƙusa na ce: "Baba, na san birkin nan ba shi da kyau, kuma ban faɗa masa ba." Ya yi shiru mai tsawo, sannan ya ce: "Liman, ba ni za ka gaya wa ba. Je ka gaya wa mai ƙafar."

Na je na gaya masa. Bai amsa min a ranar ba. Daga baya ya yafe, Allah Ya saka masa da Aljanna. Na biya abin da zan iya na magani, muka yi masa gayya da ɗalibaina a gonar. Amma har yau yana ɗingishi, kuma a sahun farko yake sallah. Duk sanda na sallame na juyo, shi nake fara gani.

To, 'yan'uwa, ƙaddara gaskiya ce, imani da ita rukuni ne daga rukunan imani shida. Babu abin da ke faruwa sai da sanin Allah da nufinSa. Sai dai malamai sun bambance abu biyu: ana kafa hujja da ƙaddara wajen haƙuri da musiba, ba a kafa hujja da ita don wanke laifi. Maƙwabcina yana da haƙƙin ya ce ƙaddara ce, domin shi musiba ta samu. Ni da na yi sakaci, abin da ke kaina istigfari ne da biyan haƙƙi.

Imam Tirmizi ya ruwaito labarin mutumin da ya tambayi Manzon Allah (SAW) ko ya ɗaure taguwarsa ya yi tawakkali, ko ya sake ta ya yi tawakkali. Sai aka umarce shi ya haɗa biyun, ɗauri da tawakkali. A zamanin annobar Amwas kuma, Sayyidina Umar (RA) ya juya da jama'a daga hanyar Sham. Da Abu Ubaida (RA) ya tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, sai ya fahimtar da shi cewa juyawar ma ƙaddarar Allah ce, ya buga masa misali da makiyayin da ke zaɓar wa raƙumansa gefen kwari mai ciyawa ya bar busasshe. Aya ta 195 a Suratul Baƙara ta hana mu jefa kanmu cikin halaka. Muna karanta addu'ar hawa da ke cikin Suratuz Zukhruf, madalla, mu ci gaba. Amma wanda ya koya mana addu'ar, shi ne ya sa sulke biyu ranar Uhudu.

Mu duba matsayin babur a wajenmu. A birnin Kano, tun da aka hana acaɓa a watan Janairun 2013, adaidaita sahu ta maye gurbi. Mu nan Lakwaya da Getso da Kutama da ƙauyukan Kabo, babur ne motar asibitinmu, shi ne jakinmu. Shi ke kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare, shi ke ɗauko taki, shi ke kai yara makaranta, uku ko huɗu a jere. Kowane ɗayan waɗannan rai ne da aka ba ka amanarsa. Wanda sakacinsa ya jawo mutuwar wani ya shiga babin kisan kuskure, wanda aya ta 92 a Suratun Nisa'i ta yi bayaninsa: diyya ga iyalan mamaci, da kaffara, wadda a yau take komawa azumin wata biyu a jere. Ka auna wannan da kuɗin wayar birki.

Bayan abin da ya faru na koma wajen dattijon nan na zauna a gabansa kamar ɗalibi. Ga abin da na koya, kuma mafi yawansa a ƙofar gida za ka yi shi da sifana da tsumma.

Na farko, birki. Kafin ka fita, tura babur ɗin ka matsa na gaba, ka taka na baya. Kowanne ya kama da wuri. In na baya ya yi zurfi, akwai noti a ƙarshen sandar birkin kusa da tayar baya, ka ɗan ɗaure shi, sannan ka juya tayar ka tabbatar ba ta cijewa. In ka ɗaure har ƙarshe bai kama ba, ko kana jin ƙarar ƙarfe na gugar ƙarfe, takalmin birkin ne ya cinye, sai canji. Wayar da ta fara tsittsinkewa kada ka jira ta ƙarasa.

Na biyu, baƙin mai. Ka tsayar da babur daidai a wuri mai shafe, ka zaro ma'aunin, ka goge, ka mayar, ka duba. Boxer kusan lita 1 yake ci. In man ya yi baƙi ƙirin ya tsinke kamar ruwa, ya gama aiki. A irin hanyoyinmu masu ƙura, masu kula ba sa bari ya wuce kilomita 1,000 sosai ba su yi juye ba. Ana juye ne inji na da ɗumi, don dattin ya biyo man. Ka sayi mai a rufaffiyar roba, ka guji na awo da ba ka san asalinsa ba. Araha ba ta ado, in inji ya buga, kuɗin fistin da ringi ya ninka na juye sau da yawa. Tsohon man kuma kada a zubar kusa da rijiya ko a kwata.

Na uku, sarƙa. Ka ɗaga ta da yatsa daga tsakiya, motsinta ya tsaya tsakanin santimita 2 zuwa 3. In ta saki tana iya zamewa ta sarƙe tayar baya kana cikin gudu. In ta ɗaure da yawa tana cin haƙoran da take hawa. Wajen ja, ka daidaita notin dama da na hagu, kada tayar ta karkace. Ka wanke ta da kananzir, ka sa mata mai, musamman da damina.

Na huɗu, taya. Ana gwada iska da safe taya na sanyi. Tayar da zanenta ya shafe ba ta riƙe laka, ba ta jin birki. Tiyub ɗin da faci ya hau kan faci, a haƙura da shi.

Na biyar, fitila. Da yawanmu da tocilar waya muke tafiyar dare. Ƙwan fitila nawa yake? Kada a manta da jar fitilar baya, ita ke gaya wa direban mota cewa akwai mutum a gabansa.

Sai fulogi da soson da ke tace iska. Da hunturu ƙura kan toshe soson, babur ya riƙa shan mai yana shaƙewa. Ka ciro shi ka wanke, ya bushe, ka ɗan shafa masa mai ka mayar. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kowa ya san darajar lita, kuma hadisi ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Allah Yana ƙin tozarta dukiya.

Wani zai ce: "Malam, ka san halin da ake ciki, ana ta abinci wa ke ta birki?" Na sani, nima a cikin garin nake. Amma rabin abin da na lissafa ba ya cin ko kwabo, minti biyar ne bayan azkar ɗin safe. Wanda kuma yake buƙatar kuɗi, in babu, to a jingine babur ɗin har a samu. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Abin da ya fi ƙarfin saninka, kamar buɗe inji, kai wa masu sana'ar. Tambayar masana a kowane fage umarni ne na addini.

Sauran magana biyu. Mai ba da aro: in ka san abinka na da matsala, faɗi kafin ka miƙa makulli. Kunyar a ce babur ɗin liman ya lalace tana cikin abin da ya rufe min baki, ga inda ta kai mu. Mai sayarwa kuma: zuba mai mai kauri don a ɓoye ƙarar inji, ko fenti a kan tsagaggen ƙarfe, algus ne. Imam Muslim ya ruwaito yadda Manzon Allah (SAW) ya sa hannu cikin tarin abinci a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya tsawatar wa mai shi, ya nesanta mai algus daga kansa. A shari'a mai saye yana da damar mayar da kaya in ya gano tsohon aibin da aka ɓoye masa.

Iyaye mata, ku ma kuna da ta cewa. In maigida zai ɗauki yara, babu laifi ki tambaye shi cikin ladabi ko an gyara birkin nan. Ku kuma matasa masu ɗaukar fasinja zuwa Gwarzo da Kabo, kuɗin da aka ba ku na a kai mutum lafiya ne.

Ina roƙon duk wanda ya karanta wannan, gobe in Allah Ya kai mu, kafin ya buga kik, ya matsa birkinsa biyu. In ya samu matsala, ya gyara a ranar, kada ya ce sai wani satin kamar yadda na ce.

Allah Ya yafe mana sakacinmu, Ya ba maƙwabcina lafiya da ladan haƙurinsa, Ya jiƙan waɗanda suka rasu a kan hanya, Ya kai matafiyanmu gida lafiya. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren kuwa daga ni ne.