HUKUNCIN ƘERA MUTUM-MUTUMI DOMIN KYAUTA

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku ƴan uwa Musulmi, tambaya ta yawaita a kan wata al'ada da ta shigo biranenmu. Mutum zai aika wa mai sana'a hoton amininsa, ko na maigidansa, ko na ango da amarya, shi kuwa ya ƙera ɗan mutum-mutumi da yumɓu ko roba ko tagulla, ya shafe shi da launi, har rawani da gemu, ya fito kamar an tsaga kara. Sai a miƙa shi kyauta ranar biki, a girke shi bisa tebur a ɗakin baƙi. Mene ne hukuncin wannan?

Da farko, kyauta sunna ce. Manzon Allah (SAW) ya kasance yana karɓarta, yana kuma sakawa a kanta, kuma Imamu Malik ya kawo cikin Muwaɗɗa cewa yi wa juna kyauta yana jawo soyayya, yana gusar da ƙullin zuciya. Saboda haka ba mu tuhumar niyyar mai bayarwa. Sai dai kyawun niyya ba ya mayar da haram halal.

Ku duba Suratu Nuhu, aya ta 23, inda aka ambaci Wadda da Suwa'u da Yagusa da Ya'uƙa da Nasra. Abdullahi ɗan Abbas, Allah ya yarda da su, ya bayyana cewa waɗannan sunayen mutanen kirki ne. Da suka rasu, sai Shaiɗan ya raya wa jama'arsu su kafa musu siffofi a wuraren da suka saba zama. Waɗanda suka kafa ba su bauta musu ba. Sai da suka shuɗe, ilmi ya gushe, sannan na bayansu suka mayar da su abin bauta. Ku lura, ƴan uwa: soyayya da son tunawa suka fara kafa gunki a bayan ƙasa, watau hujjar da mai kyautar yau yake kawowa. Ranar da aka buɗe Makka, shekara ta 8 bayan Hijira, gumaka 360 aka tarar kewaye da Ka'aba. Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa, dole a faɗi gaskiya: ya inganta cikin Buhari da Muslim cewa ranar Alƙiyama za a umurci masu suranta abu mai rai su raya abin da suka ƙera, kuma mala'ikun rahama ba su shiga gidan da aka ajiye irin wannan.

Malamanmu na Malikiyya sun tsefe mas'alar. Shehu Dardir, cikin sharhinsa na Muhtasar Halil, a wurin bayanin walima, ya nuna cewa haramcin yana tabbata idan abu uku suka haɗu: siffar ta kasance ta mai rai, mutum ko dabba, ta kasance mai jiki, mai inuwa, gaɓoɓinta kuma su cika, ba a rasa wadda rayuwa ba ta yiwuwa sai da ita ba. Mutum-mutumin da muke magana a kansa ya tara duka ukun. Zane bisa takarda ko bango hukuncinsa bai kai nan ba a wurinsu, itace da gini da jirgi kuwa babu laifi a kansu.

An keɓe kayan wasan yara. Nana A'isha, Allah ya yarda da ita, tana da ƴan tsana, a cikinsu har da doki mai fukafukai, Manzon Allah (SAW) ya gani, ya yi dariya, bai hana ba. Matan sahabbai kuma suna yi wa ƴaƴansu abin wasa da ulu domin su ɗauke musu hankali ga yunwa ranar azumin Ashura. Don haka kada a tsangwami yarinya a kan ƴar tsanarta, ko yaro a kan saniyar laka da ya gina. Abin wasa cikin ƙasa yake birgima, wancan kuwa ana share masa ƙura ana nuna wa baƙi.

Zuwa ga masu sana'a: mun san da bakin iyali bisa wuyanku. Wani mutum ya taɓa zuwa wurin Ɗan Abbas ya ce da wannan aiki yake ci. Da ya ji hadisin sai fuskarsa ta sauya don tsoro. Ɗan Abbas bai kore shi ba, ya nuna masa mafita: ya suranta itatuwa da duk abin da ba shi da rai. Hannun da ya iya fitar da hanci da ido zai iya fitar da hasumiyar masallacin Agadas. Kuma ƙasarmu ba ta rasa abin kyauta ba. Ga azurfar maƙeran Agadas, ga aikin fata na dukawan Damagaram, ga tukwanen Mirriya, ga zayyanar allo. Ku masu saye, ku tuna kuɗinku ne ke juya hannun mai sana'a. Abin da kuka nema shi zai yi.

Wanda kuwa aka riga aka ba shi, kada ya kunyata mai kyautar a bainar jama'a. Ya gode masa, ya keɓe da shi ya gaya masa hukunci cikin taushin harshe. Sannan ya cire kan siffar, kamar yadda Mala'ika Jibrilu ya yi umurni a yi da wadda ke ƙofar ɗakin Annabi (SAW) har ta koma kamar itace. Kuma babu wanda aka ba izini ya faɗa rumfar wani ya farfasa masa kaya. Namu isar da saƙo ne cikin hikima.

Allah ya tsare mana tauhidinmu, ya sa albarka cikin sana'o'inmu, ya ƙara dankon zumunci tsakaninmu. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.