Ido ke karatu, ko kunne?

Kai mai karatu, ga tambaya: in ka buɗe takarda, wa ke karatun, idonka ko kunnenka?

Dubi wannan kalma: kuka. Kukan yaro ne, ko kukar miya? Dubi gari. Garin Gesheme ne, ko garin hatsi? A baki ba su kama da juna. Amma boko ba ya rubuta hawa da saukar murya, ba ya nuna inda ake jan wasali. Ido ya ga abu guda, kunne ya san biyu ne.

Ba mu kaɗai ke da wannan ba. A ƙasar Sin, in an ce "ma" da murya a sama, uwa ke nan. In murya ta sauka ta sake tashi, doki ke nan. Su ba su da a, b, c a rubutunsu na gado. Kowace gaɓa da zanenta. Zanen "uwa" haɗin biyu ne: zanen mace da zanen doki. Mace ta ba da ma'ana, doki ya ba da sauti. Galibin zanensu haka yake. A 1958 suka ƙara wani rubutu da haruffan boko, mai alamar murya, don taimakon masu koyo.

Ka ga ko'ina ido da kunne tare suke aiki. Takarda rabi take ba ka. Sauran rabin yana cikin Hausar da ka sha a nono. Saboda haka kada ka ce ka zo ajin yaƙi da jahilci hannu banza.

Amma akwai amana a ciki. A ce maƙwabcinka ya kawo maka wasiƙar ƙanensa, ka ga kalmar fari. In an rubuta "fari ya yi ɓarna", ruwan sama ne babu, kamar a 1984. In an rubuta "fari sun yi ɓarna", ƙwari ne suka sauka a gona. Ɗaya na son hatsi, ɗaya na son magani. In ka yi garaje, ka sa mutum ya kashe kuɗinsa a banza.

To, kada ka yanke wa kalma hukunci ita kaɗai. Dubi na gabanta, dubi na bayanta, ka faɗe ta a hankali kunnenka ya ji. In ta shige maka duhu, ka ce wa mai wasiƙa a je a tambayi malam. Wanda ya ba ka takardarsa, idonsa ya ba ka aro.