Kwanon cocin ƙauyen da muke sayen goro



Duk mai shiga ƙauyukan Remo sayen goro ya san iskar da ke rako ruwan farko a ƙasar nan, wajen Maris zuwa Afrilu. Ta bana ta sauka a wani ƙaramin ƙauye da ni da wasu mutanenmu muka shafe shekaru muna ɗaukar kaya, ta yaye kwanon cocinsu daga gaba har baya, ta haɗa da na azuzuwa biyu na firamaren da ke jikinsa. Da na je bayan kwana uku, na tarar an jera bencina a waje ana shanyawa, wata tsohuwa da nake sayen goro a hannunta tana ɓamɓare littattafan da ruwa ya manne.

Garin duka tsofaffi ne da jikoki. Masu ƙarfi suna Legas da Ibadan, sai Kirsimeti ko jana'iza ke dawo da su. Cocin shi ne gini mafi tsufa a wurin, na ƙasa ne aka shafe da siminti tun zamanin 'yan mishan, kaburburan iyayensu na gefensa. A harabarsa ake yi wa yara rigakafi, a nan ake taron gari, ƙararrawarsa ake bugawa in gobara ta tashi. Shi ya sa da rufin ya tafi, ba Kiristocin kaɗai suka ji a jikinsu ba.

Na kuma ga yadda suka tashi wa aikin, abin ya burge ni, ba zan ɓoye ba. Kowane gida aka yanka masa abin da zai kawo. 'Ya'yan gari na birni suka buɗe asusu. Aka yi gwanjon doya da ayaba da kaji, a sayi zakara ninkin kuɗinsa sau biyar ana dariya. Ran Asabar samari su zo gayya, mata na ɗebo ruwa. Cikin masu ɗaukar katako har da Musulmin garin, domin a wajen Yarabawa ba abin mamaki ba ne wa yana zuwa masallaci, ƙane yana zuwa coci, uwa ɗaya uba ɗaya, tukunya ɗaya.

To, sai ga ambulan daga Baale, an rubuta sunanmu a jiki: Hausawa masu sayen goro. Nan magana ta tashi, ta biyo mu har ƙofar masallaci bayan La'asar, kuma ita ce dalilin wannan rubutu.

Wasu suka ce ko sisi ba za su sa ba, domin Musulmi ba ya zuba dukiyarsa a gina wurin bautar da bai yarda da ita ba. Kada kowa ya yi saurin kiran waɗannan masu ƙiyayya. Maganar da suka riƙe ita ce ta mafi yawan malaman fiƙihu, kuma na san ɗaya daga cikinsu da ya taɓa biyan kuɗin asibitin wani manomi Kirista a garin ba tare da ya gaya wa kowa ba. Mutum yana iya ƙaunar maƙwabcinsa, ya kuma ce masa ga inda imanina ya tsaya. In Kirista ya ce ba zai sa kuɗi a ginin masallacinmu ba saboda addininsa, ni dai ba zan riƙe shi a zuciya ba.

Wasu kuma suka ce a bayar, a bayar da yawa ma, "don mu zauna lafiya". Suka tuno Yulin 1999, lokacin da rikicin Oro ya cinye rayuka da dukiya a nan Shagamu, har wutar ta kai Kano. Gaskiya wannan hujjar ta fi damuna a kan ta farko. Abin da aka bayar don tsoro ba kyauta ba ne, kuɗin fansa ne, kuma mai karɓa yana ganewa. Ku tambayi dattawan da suka kwana a ɗakunan Yarabawa a wancan lokaci: wanda ya ɓoye su bai yi don wata ambulan ba, ya yi ne don shekarun da aka yi ana gaisawa, ana cika alkawari, ana zuwa suna da gaisuwar mutuwa.

Muka kai maganar gaban malaminmu. Bai yi saurin yanke hukunci ba, sai ya tambaye mu, me da me iskar ta ɗauke? Muka ce coci da azuzuwa biyu. Ya ce, "To, Alhaji, yaran da ke karatu a gindin mangwaro yanzu, su ma sai an duba littafi kafin a rufa musu aji?" Ya tunatar da mu aya ta 8 a Suratul Mumtahana, wadda ba ta hana kyautatawa da adalci ga waɗanda ba su yaƙe mu ba, ba su kore mu daga gidajenmu ba. Ya tunatar da mu aya ta 40 a Suratul Hajji, inda aka ambaci majami'u tare da masallatai cikin wuraren da rushe su ɓarna ne. Ya kawo labarin Sayyidina Umar da ya ƙi yin salla a cikin babban cocin Ƙudus don kada Musulmi su mayar da shi masallaci a bayansa. Har yau ɗin nan mabuɗin cocin yana hannun wasu gidaje biyu na Musulmi. Umar bai yi ibada a ciki ba, amma ya kula da abin da zai same shi.

Ni abin da ya tsaya mini a rai ba hukuncin ba ne, sunan da ke jikin ambulan ɗin ne. Masu sayen goro. Tun da fataucin goro ya karkato daga Gwanja zuwa ƙasar Yarabawa a farkon ƙarnin da ya wuce kakanninmu ke nan. A nan aka haifi iyayen wasunmu, a nan muke binne mamatanmu, yaranmu Yarabanci ya fi kama bakinsu. Amma har yanzu muna shiga ƙauyen nan kamar masu wucewa: a zo, a yi ciniki, a ɗaure huhu, a tafi. Hausawa na cewa baƙo raɓa ne. Raɓar da ta shekara ɗari ba ta bushe ba kuwa, ya kamata ta sake suna. Abin kunya ne a ce sai da aka aiko da takarda muka san azuzuwan nan na yoyo tun kafin iska, alhali a inuwarsu muke zama muna ƙirga ƙwarya.

Kuma mu yi wa kanmu adalci. In muka ji an hana Musulmi fili ko an rushe masallaci a wani gari, ranmu na ɓaci, kuma da gaskiyarmu. Wannan zafin shi tsohuwar nan ke ji tana kallon wurin da aka ɗaura aurenta ruwa na zuba a ciki. Ba sai ka yarda da abin da take bauta wa ba kafin ka gane hawayenta.

Daga ƙarshe muka je gaban Baale da kanmu, ba aike ba. Muka ce, "Baba, cocin naku ne, ku za ku rufa. Azuzuwan nan biyu ku bar mana, kwano da katako da ƙusa da kuɗin kafinta." Muka faɗi dalilinmu ba kwana-kwana. Na yi zaton za a ji haushi. Sai limamin cocin ya ce shi ya fi son wanda ya gaya masa gaskiya, kuma nauyin da muka ɗauke zai sa su gama nasu kafin ruwan Yuni. Mutum biyu a cikinmu har yanzu suna ganin da mun sa a asusun gaba ɗaya, ɗaya kuma yana ganin ko ajin ma mun yi nisa, tunda makarantar ta mishan ce asalinta. Ba mu daidaita ba, amma tare muke cin abinci.

Saura direbanmu, wanda ya kai kayan. Ashe da ya je lodi a Shagamu ya tarar da bandiran kwanon cocin a shago ɗaya suna jiran mota, sai ya haɗa duka ya kai, ya ƙi karɓar kuɗin mai. Da labari ya iso Sabo wani ya tare shi, ya ce, "Kai, ka san na coci ka ɗauko?" Ya ce shi dai mota ce za ta tafi rabi babu kaya, hadari kuma ya haɗu.