An Sayar da Gida, Bashi Bai Ƙare Ba

A Lafia, magidanci yakan jinginar da takardar gidansa ga banki, da izinin gwamna bisa Dokar Filaye ta 1978. In ya kasa biya, a yi gwanjon gidan. Idan kuɗin gwanjo bai kai bashin ba, ragowar tana wuyansa, banki yana iya kai shi kotu.

Shari'a tana bayan banki. Zabura 37 ma ta la'anci halin cin bashi a ƙi biya. Amma wannan mutum bai ƙi ba, rufin 'ya'yansa ya bayar. Maimaitawar Shari'a 24 ta hana karɓar dutsen niƙa jingina, domin da shi iyali suke ci. Ragowar nan kuwa daga kuɗin haya da abincin yaran za ta fito.