Tururuwa da Tsohuwar Hanya

Karatu: Karin Magana 6:6-8, Farawa 50:15-21

Ɗan'uwa mai karatu, Sulemanu ya aiki rago wurin tururuwa domin ya koyi hikima. Mun saba jin wannan wa'azi a kan ƙwazo da tanadin abinci. Yau ina so ka duba wani abu dabam a wurinta, wato batun tunawa da mantuwa.

Idan tururuwa ta sami abinci, takan bar wani ɗan wari a ƙasa sa'ad da take komawa gida. Na baya su bi warin, su ma su ƙara nasu. A shekara ta 1989 waɗansu masana a Brussels ta ƙasar Beljiyam suka yi wa tururuwa gada mai reshe biyu tsakanin gidansu da abinci, ɗaya gajere, ɗaya dogo. Waɗanda suka bi gajeren su ne suka riga dawowa, wari ya fi taruwa a can, ba a jima ba kusan dukansu suka koma kansa. Amma da aka fara ba su dogon shi kaɗai, daga baya aka ƙara gajeren, yawanci ba su sauya ba. Tsohon warin ya yi ƙarfi, ya riƙe su.

Wani ɗan Italiya, Marco Dorigo, ya ɗauki wannan dabara ya sa ta cikin kwamfuta a 1992. Ya yi tururuwan lissafi masu neman hanya mafi kusa tsakanin garuruwa da yawa, an kuwa yi amfani da irin dabararsa wajen tsara hanyar motocin kai kaya. A tsarinsa dole ne warin ya riƙa raguwa a kowane zagaye. In bai ragu ba, kwamfutar takan maƙale a hanyar farko da ta samu, ko da mummuna ce. In kuma ya gushe da sauri ƙwarai, sai ta rasa har hanyar kirkin da ta gano.

To, mu a nan Bahri mun san zancen gada. Yaƙi ya ɓarke ran 15 ga Afrilu 2023, a watan Nuwamba na shekarar kuma aka karya gadar Shambat da ta haɗa mu da Omdurman. Da iyalai suka soma dawowa a 2025, da yawa sun tarar an kwashe gidajensu, har wayoyin lantarkin bango. Wani ya ga gadonsa a ɗakin maƙwabcin da suka yi shekaru suna cin abinci tare. Idan kai ne, tambayar da ke gabanka ba ƙarama ba ce: me za ka riƙe, me za ka bari ya gushe?

Waɗansu za su ce maka mai bi na gaskiya yakan manta kome. Ban yarda ba. Wanda ya manta ɗungum zai sāke ba ɓarawo mabuɗi, zai kuma hana wanda aka cuta shaidar da yake bukata. Amma ka lura da abin da zuciya take yi. Kowace safiya ka bi ta kan laifin nan, ka faɗa wa matarka, ka faɗa a gaban yara, ka ƙara masa wari ke nan. Bayan shekara guda ko mutumin ya zo da tuba, ƙafarka ba za ta iya bin sabuwar hanyar ba, 'ya'yanka ma za su bi sawunka ba tare da sun san mafarin ba.

Dubi Yusufu. Bayan mutuwar Yakubu 'yan'uwansa suka tsorata, suna zaton lokacin ramuwa ya yi. Bai ce musu ya manta da rijiya ba. Ya kira abin da suka yi da sunansa, mugunta. Tun da farko ma sai da ya gwada su a kan Biliyaminu kafin ya bayyana musu kansa, don ya ga ko sun sāke hali. Duk da haka ya ƙi zama a matsayin Allah a kansu. Ya yi kuka, ya ta'azantar da su, ya kuma ɗauki nauyin ciyar da su da ƙananan 'ya'yansu a Masar.