Hukuncin Dasa Wa Mai Rai Fuskar Mamaci

Wani almajirin ilmi daga Gwaram ya aiko da tambaya, wai ko ya halatta a ɗebe fuskar mamaci a dasa wa mai rai, ko kuwa sāke halittar Allah ne?

To, abin ya auku. A shekarar 2005 likitoci a Faransa suka dasa wa wata mata, Isabelle Dinoire, hanci da leɓɓa da haɓa bayan kare ya yage nata. A 2012 aka yi irinsa a Turkiyya, ƙasar Musulmi.

Gyaran abin da ya ɓaci ba sāke halitta ba ne. Sahabi Arfaja ɗan As'ad an sare masa hanci a wani yaƙi na jahiliyya, ya sa na azurfa, ya yi wari, sai Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umurce shi da na zinariya. Amma gawa tana da alfarma irin ta mai rai. Saboda haka majalisar malaman fiƙihu da ta zauna a Jidda a 1988 ta ce ba a cirar gaɓar mamaci sai da larura, da izninsa ko na magadansa, kuma ba da ciniki ba.

Fuska kuwa ba ƙoda ba ce. Da ita ake gane mutum, da ita yake sujada. Wanda aka dasa wa ba ya komawa kamanninsa na dā, ba ya kuma zama mamacin, gama ƙashin da ke ƙarƙashi nasa ne. Sai ya koyi sabawa da baƙon da ke cikin madubi. Zai kuma sha magani muddin ransa don kada jiki ya ƙi dashen, maganin kuwa yana raunana garkuwar jiki. Ita Isabelle ta rasu a 2016 da ciwon daji. A ganina, likitan da ya ɓoye wa majinyaci wannan ya ci amana.

Amma fa, jama'a, namu ya fi kusa. Akwai cutar zaizayar baki, wadda likitoci ke kira noma (ba na gona ba), mai cin kunci da leɓen yaran da yunwa ko ƙyanda ta raunana. Sau da yawa akan ɓoye su a ɗaki don kunya, ana cewa iska ce. Tun 1999 akwai asibiti a Sakkwato da ke gyara fuskokinsu da naman jikinsu, babu mamaci a ciki, balle saɓanin malamai. Uban da ya ga dasashin ɗansa na jini, baki na wari, kunci ya kumbura, lalle ya kai shi asibitin Birnin Kudu a ranar, gama a farkonta magani yana tsai da ita, in ta kwana biyu kuwa sai wuƙar likita.