RIGAR ARO A TAKARDAR NEMAN AIKI

Karatu: Farawa 27:1-29, 1 Sama'ila 17:32-40

Wata ranar Laraba, ranar kasuwar Nima, wani saurayi daga ikkilisiyarmu ya same ni a gida a Kanda riƙe da ambulan. Ya ga tallar aikin mai kula da sito a wani kamfani, yana so ya sa sunana cikin masu tsaya masa. Na buɗe takardarsa ta tarihin karatu da aiki, wadda muke kira CV. An rubuta yana da difloma a harkar kasuwanci, ya kuma yi shekara 3 yana manaja. Ni na yi wa yaron nan baftisma. Na san karatunsa ya tsaya a WASSCE, na kuma san ya yi shekara 6 a shagon kawunsa a Abossey Okai yana sayar da kayan gyaran mota.

Da na ɗaga kai, sai ya riga ni magana. "Baba Fasto, wanda ya buga mini ne ya gyara. Ya ce in ba haka ba, ko dubawa ba za su yi ba. Kowa haka yake yi."

Ban tsawata masa ba. Mahaifiyarsa tana fama da hawan jini, mai gida kuma yana neman kuɗin hayar shekara 2 a dunƙule, kamar yadda aka saba a Akara. Ga shi yaran Zango da yawa suna jin cewa da zarar an ga Nima ko Maamobi a adireshi, an riga an yanke musu hukunci. Wanda bai taɓa kai takarda ofis goma ba amsa ba, kada ya yi saurin jifa. Amma tambayar tana nan, ta shafe ka kai ma: ya dace mai bi ya ƙara abin da ba shi da shi domin ƙofa ta buɗe?

Yakubu ya yi haka. Ya sa tufafin wansa Isuwa, aka rufe masa hannuwa da wuya da fatar 'yan awaki. Da Ishaku ya tambaye shi ko wane ne, ya ba da sunan wansa. Kada mu ɓoye gaskiya, dabarar ta ci, ya sami albarkar. Ƙarya takan buɗe ƙofa, shi ya sa ake yinta. Sai dai dubi abin da ya biyo baya: gudu zuwa Haran, da shekara 20 a gidan Laban, wanda ya ba shi Lai'atu da dare a maimakon Rahila, ya kuma yi ta sauya masa lada. A bakin rafin Yabbok aka sāke tambayarsa sunansa. A wannan karo ya ce Yakubu, a nan ne kuma ya karɓi sabon suna.

Wanda ya shiga aiki da difloma ta aro zai sa fatar akuyan nan kowace safiya. In an kira shi ofis, gabansa ya faɗi. Yanzu kuwa bincike ba wuya, ana iya duba sakamakon WAEC ta intanet. A shekarar 2025 hukumar GTEC mai kula da manyan makarantun Ghana ta yi ta rubuta wa manyan mutane su daina amfani da laƙabin dakta da farfesa da ba su iya kawo shaidarsa ba. In manya ba su tsira ba, ina ɗan Zango? Ko da ba a kama ka ba, ka karɓi gurbin wanda ya zauna ya yi karatun da gaske. Maƙwabcinka Musulmi kuma, wanda ya san ka tun kana yaro, da wace fuska za ka yi masa shaidar Yesu?

Akwai kuma kuskure na biyu da ba mu cika wa'azi a kansa ba. Saurayin nan bai rubuta ko kalma ɗaya game da Abossey Okai ba, domin yana jin kunya. Ya jefar da tasa rigar ya ɗauki ta wani. Dawuda bai yi haka ba. A gaban Sarki Saul ya faɗi aikinsa yadda yake: kiwon tumakin mahaifinsa, da yadda ya kashe zaki da beyar sa'ad da suka kama ɗan rago, ya kuma ce Ubangiji ne ya cece shi. Aka sa masa kayan yaƙin sarki, ya gwada tafiya, ya tuɓe su domin bai saba da su ba. Faɗin abin da Allah ya koya wa hannunka ba fahariya ba ne. Ɓoye shi ma ba tawali'u ba ne. 'Yar'uwar da ta yi shekaru tana riƙe kuɗin cinikin waakye na mahaifiyarta ta san lissafi da haƙuri da jama'a, kuma wannan abin rubutawa ne.

Muka zauna muka sāke takardar. Suna da ranar haihuwa kamar yadda suke a Ghana Card, ba ragin shekaru. Aikin baya-bayan nan a sama. Muka rubuta cewa shi yake ƙirga kaya in sun iso daga Tema, shi yake riƙe littafin bashi, shi yake buɗe shago ya rufe, yana kuma jin Hausa da Twi da Turanci. Duka shafi ɗaya. Na ce ya nemi izinin kawunsa kafin ya sa lambarsa, sa'an nan na sa tawa.

Ba su kira shi ba. Ranar Lahadi bayan sujada ya gaishe ni sama-sama, na san ransa bai yi daɗi ba, nawa ma haka. Ya kai takardar nan wurare 2 kuma. Ana ambaton sunansa a taron addu'ar daren Alhamis, kai ma in ka durƙusa yau ka tuna da shi.